Hancin Maman Yara a Bangon Laburare

Shekara talatin da ɗoriya Mai Fenti ya yi yana zana allunan shaguna, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ya zana almakashin da ke ƙofar tela, da tayar da ke gaban mai faci, da ƙaton haƙorin nan na likitan haƙori wanda yara ke tsallaka titi don kada su bi ta gabansa. Gajere ne mai ɗan tumbi, yana da rigar aiki guda wadda babu mai tuna asalin launinta. In aiki ya yi masa daɗi sai ya zaro harshe gefe guda, shi ya sa ya san ɗanɗanon kowane fenti.

Abu ɗaya ne bai taɓa zanawa ba, wato fuskar mutum. Ko allon masu aski, ta ƙeya yake zana kawunan, ya ce ai askin ake son gani.

Ana nan sai aka gyara laburaren unguwa. Ɗaki ne dogo mai kantocin littattafai shida, da fanka biyu, ɗaya na juyawa, ɗaya na kallo. Bangon da ke fuskantar ƙofa fari fat, har Malamar da ke kula da wurin ta ce duk wanda ya shigo sai ya ji kamar allura za a yi masa. Kwamiti ya zauna, tsohon hedimasta na shugabanta, aka yanke a zana mutane suna karatu.

"Baba, za ka iya mutane kuwa?" Malama ta tambaye shi.

"Ni da na zana injin markaɗe da duk notunansa? Mutum ai ido biyu ne da hanci, 'yata."

Ya rataye tsofaffin labulaye ya rufe bangon, ya shige bayansu da tsaninsa. Kwana goma sha biyu masu karatu ba sa ganin komai sai silifas ɗinsa, ba sa jin komai sai ɗan fitonsa. Malama na cewa a yi shiru, sai fiton ya tsaya minti biyu ya dawo.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika. Hedimasta ya yi jawabi, ya ja labule. Aiki dai ya yi kyau, ba ƙarya. Ga ma'aikaciyar jinya da littafi, ga bakanike da littafi, ga 'yan makaranta biyu, ga tsoho mai farin gemu da tabarau, har da jariri a cinya yana cin gefen shafi. Mutum tara cif. Aka yi tafi, sai tafin ya fara raguwa. Tela ne ya fara fashewa da dariya.

"Jama'a, wannan ba Maman Yara ba ce?"

"Wacce daga ciki?" in ji mai faci.

"Duka!"

Maman Yara matar Mai Fenti ce, mai sayar da yadi a bakin kasuwa, kowa ya san ta. Tana da dogon hanci mai ɗan lanƙwasa a tsakiya, da wushirya, da girar hagu da take ɗagawa in an taya mata yadi da rainin hankali. To ga hancin nan sau tara a bango. Ga wushirya a bakin bakanike. Jaririn ma ya ɗaga gira.

Mai Fenti ya buɗe baki zai yi musu, sai ya ja da baya zuwa bakin ƙofa, inda bai taɓa tsayawa ya duba aikin ba. Nan ya ga matarsa tara sun zuba masa ido, kamar ya dawo gida ba tare da saƙon da aka aike shi ba. Gumi ya karyo masa. Ya nemi kujera ya zauna.

Kafin ya gama share wuya labari ya kai kasuwa. Maman Yara ta shigo da tef ɗin awo a wuya, aka dare mata hanya. Ta bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan a hankali, kamar mai duba yadi ko yana da huji. Ta tsaya gaban tsohon.

"Malam, wannan mai gemun ma ni ce?"

"Ni dai mutane na zana."

"Ashe duk mutanen duniya ni ce ban sani ba." Ta sake duban ma'aikaciyar jinyar, ta gyara ɗankwalinta. "Wannan kam ta yi kyau. Amma gemun nan, kada ya kwana."

Kwamiti ya ga a gyara. Malama ta kawo shawara a zaunar da mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya dube su ya zana. Tela ya fara zama, awa biyu ko tari bai yi ba. Da aka gama, ga kunnuwan tela, ga sanƙon tela, ga hancin Maman Yara a tsakiya. Tela ya ce ba zai koma gida da bayanin wannan ba.

Da mutane suka watse, Mai Fenti ya tsaya yana wanke burushi, ya ce wa Malama a hankali, "Wallahi na dube shi, 'yata. Amma da hannu ya zo kan hanci, sai ya bi hanyar da ya sani. Fuskar da na daɗe ina kallo ke nan."

Malama ba ta yi dariya ba. Washegari ta gaya wa hedimasta a bar bangon yadda yake. Gemun kawai aka shafe, tsoho ya koma tsohuwa, ba wanda ya yi ƙorafi.

Daga nan mutane suka riƙa zuwa har daga wasu unguwanni don ganin bangon, wasu su gama dariya su ja kujera su ɗauki jarida. Malama ta ce surutun yara ya ragu da rabi, don ba mai iya hira gira tara na kallonsa. In Maman Yara ta kawo jikokinta ranar Asabar ta zauna a ƙarƙashin bangon, sai ka ji ɗakin tsit, sai ƙarar fanka.

Bayan wata biyu wata makarantar ƙananan yara ta nemi Mai Fenti ya zana mata dabbobi a katanga. Ya karɓa da murna, ya ce dabbobi ba su da matsala. Maman Yara ba ta yarda da wannan maganar ba. Ta bar wa ƙanwarta shago, kullum da safe ta bi shi da lema da kujerar roba, ta zauna a gindin tsani. Ba ta koma kasuwa ba sai da ta ga an gama raƙumin dawa.