Turken da na bari a gonar Kawu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina bin duwatsu a gabas, can bayan Damagaram, inda ƙasa ta tsage tun fil azal, yashi da laka suka cike ramin, man fetur ya kwanta a ƙarƙashi. Aikin ba shi da wani kwarjini. Ka fita da guduma da jaka, ka fasa dutse, ka shinshina, ka rubuta lamba, ka sha ruwan jarka mai ɗumi. Gwiwoyina sun riga ni tsufa. Shi ya sa da aka ce za a tura mu Madarumfa mu duba ko irin wannan tsagar ta miƙo har wajenmu, na yi murna. Ba don mai ba, na san da wuya a samu. Tuwon Inna nake marmari.

Mun iso ƙarshen bazara, ana ta sharar gonaki. Muna da wata na'ura mai auna kaurin yashin da ke bisa dutsen ƙasa, don in yashin ba shi da zurfi, babu inda mai zai zauna. Na'urar tana da halin tsiya. In ta yini a mota sai ta fara ƙarya, dole safe da yamma a mai da ita wuri guda a daidaita ta. Wannan wurin muke kafa wa turke. Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, ya shimfiɗa taswira ya ɗora yatsa kusa da ƙauyen Safo, yatsan kuwa ya sauka tsakiyar gonar Kawu, wan Inna.

Ni na kafa turken da hannuna, guntun ƙarfe ne, na shafa masa jan fenti. Kawu ya iso da amalanken jaki yana kai taki, ya tsaya yana kallon motar gwamnati a gonarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce binciken mai ne. Rana ta dafa ni, kaina na sara, ban da ƙarfin dogon bayani. Na ce, "Kawu, kada kowa ya taɓa wurin nan sai na ce."

Taku uku kewaye da turken nake nufi, na kwana goma. Ban faɗi taku ukun ba, ban faɗi kwana goman ba. Na kuma manta abin da kowane manomi a wajenmu ya sani, cewa jan turken da motar gwamnati ta kafa borni ne, alamar fili ya bar hannunka. Kawu ya ga yadda aka yanka gonakin bakin Maraɗi da irinsa. Ba a shuka a bayan borni, ba a kuma jayayya da shi.

Awon ya fito yadda na zata. Dutsen ƙasa yana kusa, yashin bai taka kara ya karya ba. Muka tattara kaya cikin gaggawa, na yi sallama da Inna, ban biya ta Safo na cire turken ba. A Yamai na zauna a buro, wato ofis, ina rubuta rahoton da na san babu mai karantawa. Inna ta gaya mini a waya ruwan shuka ya sauka, na ce madalla. Ba ta ambaci gonar ba, a zatonta na san abin da nake yi. Shi kuwa Kawu ba ya kiran ɗan ƙanwarsa ya tambaye shi izinin shiga gonar da ya gada. Jira ya yi.

Sai bayan wata biyu na dawo. Daga hanya gero ya kai ƙugu dama da hagu, kore shar. Gona ɗaya ce a tsakiya babu komai sai ciyawa, kuma tun daga nesa na gane ta. Gonar nan ita ke ciyar da gidan Kawu kaf. A tsakiyarta ga turkena, an nome kewayensa tas, an yi masa shingen ƙaya don kada awaki su goge fentin.

Na same shi zaune a gindin gawo. Ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Ga abinku nan, ba wanda ya taɓa shi. An samu man?"

Na ce babu mai. Na ce tun ranar da muka tafi aikin ya ƙare, ni ne ban zo na faɗa ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da ya zage ni da na ji sanyi, amma bai yi ba. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa hauyarsa, ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa, ya dubi gonakin maƙwabta.

"Gero dai ya wuce mu bana," ya ce. "Wake ƙila shi kama." Ya juyo ya dube ni. "To yanzu ka ce? In shiga?"