Kwatar Da Na Kasa Tsallakewa

Yau Talata. Jiki da sauƙi, alhamdulillahi. Idon hagu ya washe, hannu yana riƙe cokali, amma ƙafar dama har yanzu kamar ta aro ce.

Tun kafin azumi ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Wasu tsofaffin ɗalibaina har sun rubuto suna tambaya ko rai ya yi halinsa. Bai yi ba tukuna. Ciwona ne ya dawo.

Ga wanda bai sani ba, na daɗe ina fama da abin da likitoci ke kira multiple sclerosis. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rigar jijiyoyinsa, kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki. Yakan lafa har ka manta da shi, sai ya tashi.

Wannan karon wajen alwala ya same ni. Na zuba ruwa a ƙafa, ina kallo yana gangarowa, ban ji sanyinsa ba.

Kashegari ƙafar ta fara jan ƙasa. Ido ya koma gani dishi-dishi. Sai fitsari ya daina jira in kai bayi. Wannan ya fi komai karya min zuciya, ni da na yi shekaru ina hedimasta.

Tun da mai ɗakina ta rasu ni kaɗai nake a gidan nan na Gangaren Tudu. Allah bai ba mu haihuwa ba. Maƙwabciyata Maman Chidi, mai shago a jikin gidana, ita ta gan ni ina bin bango.

Ta ce, "Baba Tica, sanyi ne ya shiga ƙafan nan. Sai an gasa shi."

Ban musa ba, don mu ma haka muka taso. Kullum da safe ta kawo bokitin ruwan zafi da ganyen darbejiya, in gasa da tawul, in shafa man zafi, in fita in zauna a rana. Duk bayan gashi sai ƙafar ta ƙara mutuwa. Muka ce ai ciwon ne ke fita, muka ƙara wuta.

Har ranar da na faɗi a tsakar gida na kasa tashi.

A asibiti likita ya ɗaga wandona ya ga ƙafa duk ta yi bororo, ni ban ma san na ƙone ba. Ya ce, "Baba, wa ya dafa ka?"

Na ce, "Ni da hannuna, likita."

Ya ce, "Wannan ciwon ba ya shiri da zafi. Kana gashi, kana taya shi aiki."

Maman Chidi ta fashe da kuka. Na ce mata ta yi shiru, ita kaɗai ce ta leƙo ni.

An tura ni Abuja ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka. Fanshona bai kai ba, sai da na sayar da keken ɗinkin marigayiya. Aka dawo aka sa min ƙarin ruwa mai magani, wanda ke sa baki ɗaci, ya hana barci, ya tayar da suga. Ba mutuwa nake tsoro ba, kowa zai ɗanɗana. Ina tsoron kwanciyar da babu mai juya ni.

Sannan aka haɗa ni da mai fisiyo, wato mai koya wa gaɓoɓi motsi. Ta tsayar da ni tsakanin ƙarafa biyu, ina rawar jiki. Ta ce, "Malam, ƙafa ɗaliba ce. In ka ba ta dogon hutu sai ta manta karatu." Ta ce in riƙa zuwa duk Talata, kuma layi yana da tsawo, wanda ya cika fashi ana ba wani gurbinsa.

Na riga na yi fashi a baya. Ba lalaci ba ne. Akwai kwata a ƙofar gidana, katako aka ɗora a kai, kuma mai keken haya ba ya shigowa lungunmu. Sai namiji mai ƙarfi ya riƙe ni in tsallaka. Maman Chidi ta gwada, saura kaɗan mu afka tare.

Na kira ƙanena Isuhu da ke Gitata, na roƙe shi ya zo ya kai ni wannan Talatar. Ya ce, "Haba Yaya, ko ana ruwan duwatsu zan zo. Kai dai ka shirya."

Na gode wa likita da mai fisiyo. Na gode wa Maman Chidi, Allah ya raya mata zuri'a. Ku kuma, in gaɓa ta mutu ba ta jin taɓi, kada ku sa mata ruwan zafi, ku je asibiti. In an ba ku ranar fisiyo, ku nemi mai kai ku tun da wuri, kuma ku nemi fiye da mutum ɗaya.

Yau tun da hantsi na sa rigata da hula, na jawo kujera zaure ina kallon katakon nan. An yi azahar, an yi la'asar. Wayar ƙanen nawa tana shiga, ba a ɗauka.

Isuhu bai zo ba.