Wace Jijiya Suke Nufi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, gaskiya ba lafiya ba.

Ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Talata Mafara, silifa ya fita daga ƙafata ta hagu ban sani ba, sai da wata mata ta biyo ni da shi. Daga nan tafin ƙafar ya fara zugi kamar na taka garwashi. Sai alli ya riƙa suɓucewa daga yatsuna.

Inna ta ce sanyi ne, ta aiko da saiwoyi daga Birnin Tudu. Kawuna ya kawo turare daga Maradun. Na sha, na turara, ƙafar dama ma ta kama.

Ranar da na kasa ɗaure majanyi 'yata Hafsa ta zame daga bayana, Allah ya sa kan katifa ne, ranar maigidana ya ce sai asibitin Sakkwato.

An ɗebi jini har na daina kallo. An sa mini lantarki a ƙafa don a ga ko za ta motsa. Shinkafar da maigidana ya noma da rani duk a nan ta tafi.

Likitoci biyu ke ganina, kowa da ranarsa. Ta farko mace ce, mai duba ciwon gaɓoɓi. Ta ce, “Garkuwar jikinki ce ta juyo tana yaƙar ki. Ina zargin jijiyoyinki sun kumbura.”

Na biyu dattijo ne, likitan ƙwaƙwalwa da jijiya. Ya ce, “Jijiyoyinki na mutuwa.” Na gaya masa an ce kumbura suka yi. Ya ce shi bai ga kumburi ba.

Na koma na gaya wa ta farkon. Ta ce to a sake gwaji, don maganin mai ƙarfi ne, ba a bayar da shi kan zato.

Haka na yi ta kai magana ina kawowa, ana cicciɓata a sa ni a mota. Hannun dama ya daina riƙe cokali. Na kira ƙanwata na nuna mata yadda Hafsa ke son kununta, na ce ta riƙe ta kamar tata. Ta fita da kuka.

Da muka koma wurin likita macen, maigidana da ba ya musu da kowa ya ƙi tashi daga kujera. Ya ce, “Likita, don girman Allah ku haɗu. Ku gaya muna wace jijiya ce. Matag ga ƙarewa takai.”

Ta dube ni, ta ɗauki waya.

Dattijon ya zo. Suka tsaya a kaina suna Turanci, can ya dafe goshi. Ashe ita ƙananan jijiyoyin jini take nufi, shi kuma jijiyoyin ji da motsi. Da Hausa duk jijiya suka ce mini, ni ma jijiya nake kai wa kowa. Na jinin ne suka kumbura suka toshe, na jin suka rasa abinci suna mutuwa. Ciwo ɗaya ne.

A gabana suka yanke: ɗaya za su riƙa ce mata hanyar jini, ɗaya jijiyar ji. Ranar aka ba ni gado, aka ɗaura ruwan magani.

Hannuna ya dawo a hankali, zugin ya ragu. Ƙafar hagu har yau jan ta nake yi, kuma ba su yi mini alkawari a kanta ba.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitocin nan, da maigidana, da ƙanwata, da ku masu addu'a.

Don Allah, in ƙafa ko hannu ya fara mutuwa, ku je asibiti da wuri. In likita ya ce jijiya, ku tambaye shi wacce. In likitoci biyu ke duba ku, kar ku zama 'yan aike tsakaninsu. Ku roƙe su su yi magana da juna, ko da kuka ne.