Tunkiya ta Goma Sha Bakwai

Ranar da na fara digiri na biyu a likitancin dabbobi, malamin da zai duba aikina takarda ɗaya tak ya miƙo mini. Bayarabe ne da ya tsufa a Sakkwato, ni kuwa Bagobira ce daga Isa, don haka wasa tsakaninmu gado ne, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Bagobira, ga abin da za ki iya kafin in sa hannu a kundinki. Kuma ba a aji zan gwada ki ba, a turke."

Abubuwa shida ne a takardar. Biyar na gane su sarai, irin su ɗibar kashin dabba a tsabtace, da ƙirga ƙwan tsutsa a madubin likita, da yi wa mai dabba bayani da harshen da zai fahimta. Na shidan cewa ya yi, "Ki san inda saninki ya tsaya, kuma ki faɗa." Na ɗauka irin maganar manya ce ta cika takarda, na ninke na jefa a jaka.

Aikina shi ne in bi tumaki arba'in na matan Kamarawa, daga rani zuwa kaka, in ga lokacin da tsutsar ciki ta fi damunsu. Duk aikin a kan abu ɗaya ya rataya: tunkiyar da na duba a watan jiya, ita zan duba a wannan watan. In na kasa tabbatar da haka, wahalar shekara ta tashi a banza. A makaranta an koya mana maganin wannan, wato a huda kunne a maƙala lambar roba. Na ɗauko lambobina cike da leda, na hau kabu-kabu ina jin kaina.

A gidan wata tsohuwa na sauka, aminiyar kakata, kowa Inna yake ce mata. Ta juya lambar a hannu ta dube ni.

"Ɗiyata, mi kic ce? Ki huda kunnen rago, sa'annan in kai shi kasuwa ga layya? Wa ka saye nai? Mu da munka sha aska ga kumatu mun isa, bar mani bisashe da kunnuwansu."

Na ce malamai sun ce ɗan huji ba ya ɓata layya. Ta ce ai ba malamai ke ciniki a kasuwa ba. Kafin la'asar magana ta gama gari, ko mace ɗaya ba ta yarda ba. Na kira Malam a waya kamar in yi kuka. Dariya ya yi, ya ce shi bai rubuta roba a takardarsa ba, cewa ya yi in iya nuna dabbar da na bi, sauran ya rage nawa.

Inna ce ta fitar da ni. Da na ce mata tumakin duk kama ɗaya suke, sai ta riƙe haɓa, ta ce in haka ne mutanen Kamarawa ma fuska ɗaya gare su. Ta zaunar da ni a turke kwana da kwanaki. Ta nuna mini inda baƙin uda, tunkiyar nan mai rabi baƙi rabi fari, yake tsayawa farin ya ɗauka, da tsawon wutsiya, da tsagar kofato, da yawan manyan haƙora, har da irin kukan kowace. Na ba kowace lamba a littafina, na rubuta kamanninta. Hoton waya ya taimaka, amma tunkiyar da ta rame da rani ba ta kama da kanta in ta ƙoshi da damina. Na ji daɗin watannin nan ƙwarai. Gida-gida nake shiga, a ba ni fura, a yi mini tsiyar mai digirin kashin tumaki.

Abu ɗaya ne Inna ta ƙi. Ba ta yarda da tsutsar da sai da madubi ake ganin ƙwanta ba, kuma ba ta bar ni na ba dabbarta magani ba ko sau ɗaya. Kanwa da saiwoyinta sun ishe ta.

Bayan an cire amfanin gona Malam ya zo gwaji. Da yake namiji ba ya shiga gida, mata suka fito da tumakin gindin wani gawo, suka tsaya kallo. Ya zauna a benci da littafina da takardarsa. Ya kira lamba a hargitse, in shiga garke in kamo, shi kuma ya duba ko ta yi daidai da rubutu. Muna ta tafiya lafiya, har ya ce, "Goma sha bakwai."

Ta Inna ce, uda mai baƙi har kafaɗa. Na hango ta, na kama, na dube ta da kyau. Launin daidai, girman daidai, amma tawa ba ta taɓa fizgewa haka ba, kuma kofaton hagu ba tsaga.

Inna ta matso ta ce, "Ita ce, ɗiyata. Kai mishi."

Na san in na kai, watakila ya wuce. In na musa, na ƙaryata tsohuwar da ta ci da ni ta koya mini, a gaban baƙo da matan gari, kuma na nuna wa Malam garkena ba cikakke ba ne. Ban san ko hakan zai rushe aikin ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni, wagga ba ita ba ce. Malam, ban san inda ta goma sha bakwai take ba."

Malam ya taso ya buɗe bakin tunkiyar, ya duba littafi. Ya ce, "Taki manyan haƙora huɗu gare ta, wannan biyu. Ban taɓa ganin tunkiyar da ta koma ƙuruciya ba, sai ko a Gobir."

Inna ta fashe da dariya har da tafa hannu. Ashe ɗiyarta da ke aure a Burkusuma ta haihu, ta aika mata da tunkiyar. Da ta ji malamina zai zo, sai ta aro mai kama da ita a maƙwabta don kada in ji kunya. Ta ce, "Na yi aro in ruhe maki asiri, ke kuma kin tona nau!"

Malam ya ce in rubuta cewa lamba goma sha bakwai ta fita daga bincike, da dalili. Ya ce dabba takan fita, ba laifi ba ne, abin da ba ya gyaruwa shi ne a cusa wata a gurbinta. Ya ɗauki biro ya ja layi a kan abu na shida, ya sa hannu. Sai a lokacin na gane abin da maganar ta shidan take nufi, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Ina haɗa kayana Inna ta dawo daga mayar da tunkiyar aro, tana janye da ragon da take turkawa don layya, wanda ko taɓa shi ba ta bari a yi. Ta danƙa mini igiyar.

"Kin ce akwai tsutsa ga ciki nai ko? To, ba shi maganin. Wadda ta ƙi yin ƙarya don kanta ba za ta yi don rago ba."