Daga Sentul zuwa Taman Melati don in kunyata katako

Ni Alhaji Buba, mai sayar da kayan miya a Sentul, na hau raƙumi a Agadas, na hau saman lodin albasa daga Funtuwa har Legas, na tsallaka Kwara a kwalekwale mai yoyo ina tsaye ina ɓarar gyaɗa. Ba a halicci abu mai motsi da zai kayar da ni ba. Ku riƙe wannan a ranku, mutanen gida.

Lokacin kullen korona ne, muna zaune a Kuala Lumpur kamar kaji a akurki, sai aka fara babbar gasar wasannin duniya a Tokyo. Wai har da hawa katako mai taya huɗu, skateboard suke ce masa. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta zame a kan ƙarfen matakala, aka rataya mata zinare, aka buga taken ƙasarsu, manya da gemu suna kuka. Na ce to saura langa da 'yar carafke.

'Yata Hauwa, shekararta goma sha huɗu, haihuwar nan, ba ta yi dariya ba. Ashe ƙawarta, 'yar Dakta Sani malamin jami'a, ta yi mata alkawarin tsohon katakonta. Na ce 'yar Alhaji Buba ba za ta bi katako a titi ba. Ta ce, "Baba, ka hau. In ka kai ƙidaya ashirin yana tafiya, na bar maganar har abada. In ka faɗi, nawa ne." Na ce ashirin? Ki ƙirga ɗari, ki je ki sha ruwa ki dawo.

Sentul, ƙarfe 6:15

Bayan asuba muka fito, ni da ita, don doka ta ce mutum biyu a mota kuma kada a wuce kilomita goma. Na sa farar jallabiyata mai jan ƙasa, ta ranar Juma'a, saboda za a ɗauki bidiyo. Uwargida Hajiya Rabi ta miƙo min man zafi. Na ce ta ajiye wa katakon. A but na jefa ƙullin kuka da daddawa, su ne fasfona.

Jalan Semarak, kilomita huɗu, ƙarfe 6:40

Shingen 'yan sanda. Wani siririn ɗan sanda da takunkumi biyu ya leƙo ya ce ina za mu. Na ce kai abinci ga ɗalibai. Ya ce a buɗe but. Ya kwance ƙullin daddawa, ya ja baya taku uku, ya ce, "Makan?" wato wannan ci ake yi? Na ce da shi aka raine ni. Ya ɗaga hannu da sauri: "Boleh, boleh, jalan!" wato ba komai, wuce. Ko takardata bai duba ba. Na sauke wa wani ɗalibi ɗan Zariya kayansa a bakin ƙofar jami'a, don kada in zama maƙaryaci.

Setapak, ƙarfe 8:00

Muka jira shagon mamak, wato masu shayin garin, ya buɗe. Ba a zama, sai tapau, a ƙunshe maka ka tafi. Aka ɗora min bindigar auna zafi a goshi kamar ɓarawo. Gurasarsu roti huɗu da shayi biyu, ringgit tara. Hauwa ta ce in ci kaɗan. Na cinye uku, ai jarumi ba ya fita fage da yunwa.

Taman Melati, kilomita tara, ƙarfe 8:35

An hana ziyara, don haka a filin ajiye motoci na ƙasan benen su Dakta muka haɗu. Dakta Sani ya tsaya nesa, ya feshe katakon da sanitaiza, ya turo shi da ƙafa.

"Alhaji, ga kwalkwali."

"Dakta, yaƙi za ni?"

"To ko jallabiyar ka naɗe."

"Ka taɓa ganin an naɗe riga don a hau benci?"

Matarsa na sama a baranda da waya a hannu. Na dubi abin nan da duniya ta taru a kansa: tsawonsa bai kai allon yanka kuɓewa biyu ba. Na tuɓe takalmina, domin ni ba a koya min taka kayan mutane da takalmi ba. Hauwa ta ce, "Baba, no lah, sa takalmi!" Ban kula ta ba. Ashe samansa rairayi ne manne, irin takardar da kafinta ke goge katako. Na ɗora ƙafar dama, na ji kamar na taka magogin kuɓewa. Na ɗora ta hagu.

Hauwa ta ce, "Ɗaya."

Bakin jallabiya ya shige ƙarƙashin tayar baya. Ƙafafuna suka nufi gabas, sauran jikina ya ƙi.

"Biyu," in ji ta, amma ina jin a lokacin ina iska. Na ga benen Dakta a kife, na ga hulata ta wuce ni. Na sauka da mazaunai, ƙarar ta tayar da jiniyar wata mota. Katakon kuwa ya ci gaba abinsa, ya ratsa tsakanin motoci, ya kauce wa kwata, ya tsaya cak a gaban ɗakin maigadi.

Har yanzu ina nan a kan bakana: ba wasa ba ne. Abin da ba ya girmama na gaba da shi bai cancanci zinare ba.

Komawa

Alkawari dai alkawari ne, aka sa katakon a but kusa da ragowar daddawa. Na tuƙo a karkace, a kan ɓari ɗaya. Ɗan sandan ɗazu ya gane motar tun daga nesa, ya toshe hanci ya buɗe shinge. Ƙarfe 10:20 muka shiga Sentul. Na gode wa Allah da ya dawo da ni da ƙasusuwana a ƙirge, na gode wa Dakta da ya yi dariyarsa a cikin takunkumi.

Hajiya Rabi na bakin ƙofa da man zafin a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Bidiyon ya riga mu isowa.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Na ƙirga da kaina, katakon ya kai ashirin ɗin har ya wuce. Kai ne dai ba ka raka shi ba."