Farin Hankicin Ustad Inayat

Shekara talatin Ustad Inayat Sial ya yi yana koyar da ilimin dabbobi a makarantar noma ta gundumarmu, kuma in ka bi ta bakin matarsa Zubaida, bai taɓa kallon fuskarta yadda yake kallon hantsar saniya ba. Ko ta'aziyya ya je, sai ya fara leƙa garke kafin ya nemi masu makoki. An ce ranar aurensa ma sai da ya buɗe bakin akuyar walima ya duba haƙora.

Abin da ya fi so a duniya shi ne koya wa samari alƙalancin gasar shanu. Saniya irin ta Sahiwal ja zur ake son ta. Mai tabon fari kuwa, sai masu ita su dama jan rini da man mastad su shafe wurin. Shi ya sa darasinsa na farko kullum ɗaya ne: ka jiƙa farin hankici, ka goga a jikin saniya, ka duba.

"Ido yana jin kunyar manya," yakan ce musu. "Hankici ba ya jin kunyar uban kowa."

Ɗalibansa sun fi gashin jakin Punjab yawa, amma rabi suna Dubai suna ɗaukar bulo, rabi suna tuƙa keke mai ƙafa uku a Lahore. Ɗaya tak ya tsaya, Tanveer, ɗan mai yankan ciyawa, wanda Ustad ya riƙa raba gurasarsa ta roti biyu da shi har ya zama likitan dabbobi na gwamnati. Da aka naɗa Tanveer alƙalin gasar bana, mun shiga uku a teburin mai shayi.

"Bana za ku ga alƙalanci," in ji Ustad, safe da yamma. "Yarona ne. Ni na ba shi hankicinsa."

"Ustad ji, shayinka ya huce," mai shayi yakan ce. "Kuma Chaudhry zai kawo Shahzadi."

Chaudhry Mumtaz shi ne mai rabin gonakin gundumar, ɗaya rabin kuma na surukinsa ne. Saniyarsa Shahzadi tana da farin tabo a gefen ciki kamar faranti, har makafin garin sun san da shi.

Ranar gasa Shahzadi ta shigo fili ja wur, tana sheƙi, sai ka ce daga tukunyar miya aka tsamo ta. Ustad yana jikin igiyar shinge, wuyansa ya ƙara kamu guda. Tanveer ya duba haƙora, ya duba kofato, ya taɓa hantsa, ya zagaya ta har ya kusa jiri. Bakin hankicin yana leƙowa daga aljihun rigarsa, an goge shi, an ninke. Nan hankicin ya kwana. Aka ɗaura wa Shahzadi ƙyallen na ɗaya, masu ganga suka ɗauka.

Ustad ya cim ma Tanveer a bayan rumfa.

"Ɗana, ruwa ne babu? Da ka tofa yawu."

Tanveer ya duƙa ya taɓa gwiwar malaminsa. "Ustad ji, nan ba aji ba ne. Magana ɗaya Chaudhry zai yi a kai ni bakin hamada in riƙa yi wa raƙuma allura. Yarana ƙanana ne."

Sai lasifika ta kira sunan Ustad. Al'ada ce mai saniyar da ta ci ya naɗa wa malamin alƙali rawani. Chaudhry da kansa ya naɗa masa, mai sitaci, tsayinsa ya kusa taɓo wayar lantarki.

"Ga uban alƙalanmu," in ji Chaudhry. "Ustad ji, dafa ta a sa mata albarka, a ɗauke mu hoto."

Ya dafa cikinta. Rana ta yi zafi, saniya ta yi gumi. Da ya ɗago, tafinsa ja jawur. Ɗaga hannun nan sama kawai zai yi, mutum dubu su gani. Ya dubi Tanveer, wanda ke kallon takalminsa. In ya ɗaga, Shahzadi za ta koma gida ta ci dusarta, Chaudhry ya sayi wata, yaron ne kaɗai zai nutse. Sai ya cusa hannun a aljihu. A hoton da ke rataye a zauren Chaudhry har yau, za ka rantse ciwon haƙori yake yi.

A gida Zubaida ta miƙo masa lassi, damammen nono, ta ga hannun.

"A'a, baban Nasreen, lalle aka sa maka? Ga rawani, ga lalle. Ina amaryar?"

Ya ciro nasa hankicin ya goge tafin, rinin ya kama, Zubaida ta wanke hankicin har sabulu ya ƙare bai fita ba. Da shi take ɗaukar tukunya mai zafi yanzu.

Yana zuwa shan shayi har yau. In wani saurayi ya ce ya koya masa duba saniya, sai ya ce idonsa ya mutu, ya je wurin Dakta Tanveer.