Ranar da Motar Baba Kambai Ta Sha Kunu

Duk wanda ya taɓa loda citta a kasuwar Kafanchan ya san Baba Kambai da shuɗiyar a-kori-kurarsa. Kafin ya sayi motar, ya daɗe yana zuba kwal a wutar jirgin ƙasa, shi ya sa yake cewa ba wanda zai koya masa halin zafi. Shagona na ɗinki yana jikin gidansa. Da yamma yakan jawo benci, ina taka keke yana ba ni labari.

A bazarar 1976 motar ta ba shi kunya. Ya ɗauki matan zumunta na ikilisiyarsu zuwa taro a Jos, har da matarsa Lai'atu. A babban hawan da ke gaba da Gidan Waya, da tsakar rana, motar ta yi tari ta tsaya. Mata suka sauko cikin sababbin zannuwan zumunta suka yi ta turi.

Mama Afiniki, shugabarsu, ta ce, "Kambai, in muka sake tura wannan jakin naka, motar Gilbert za mu koma. Har da matarka."

Gilbert kuwa Baba ne ya koya masa tuƙi. Wannan ne ya tsaya masa a wuya.

Ya daɗe da lura cewa da sassafe, ko bayan ruwan sama, motar takan ja kamar sabuwa, da rana kuma sai ta yi laƙwas. Wata yamma ya ɗaga bonet ya kira ni.

"Ɗana, duba. Hancin inji yana kusa da bututun hayaƙi. Iskar da yake shaƙa ta riga ta dahu. Iska mai sanyi ta fi nauyi, mai ya fi ci da ita. Ko kai a ba ka tururi ka shaƙa, za ka hau dutse?"

Ya sa mai ƙera bokiti ya naɗa masa dogon bututun kwano. Ya haɗa shi da gwangwanin tace iska, ya fito da shi waje ta gefen ƙofar fasinja, ya kifa masa tsohuwar tasa a baki saboda ruwan sama. Sannan ya naɗe shi da buhun citta. In an jiƙa buhun, iska ta buga, bututun yakan yi sanyi kamar jikin randa. Saura mai jiƙawa.

Sai ya juya ga matarsa Lai'atu ya ce, "Maman Hellen, daga yau ke ce karen mota."

"Ni? Da zanen zumunta? Baban Hellen, Allah yana ganinka."

Amma da taron kaka ya zo, ita ce a gaba da buta a cinya. Abin da Baba bai lissafa ba shi ne, mata masu waƙa suna jin ƙishi. Tun kafin Gidan Waya jarkar ruwa ta zagaya baya ta dawo ba komai. A tsakiyar hawan buta ta ƙare, buhu ya bushe, muryar inji ta fara sauka.

"Zuba, Maman Hellen!"

"In zuba me? Hawaye?"

Sai ga hannun Mama Afiniki ta taga, riƙe da galan ɗin kunun zaƙin da suka dama don taro.

"Ba shi ya sha! Sabon takalmi na sa, ba zan sauka ba."

Lai'atu ta tuttula. Kunu ya bi buhu, ya bi ƙofa, ya fantsama wa na baya. Baba ya sa giya ɗaya, mata suka ɗauki waƙa suna buga tulu, motar tana rarrafe tana nishi har ta kai sama. Ba wadda ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Mama Afiniki ta goge kunu daga goshinta ta ce, "Ka tsira, Kambai. Amma nan gaba motarka ta zo da nata."

Kwanaki ƙudan zuma suna bin motar a kasuwa. Gilbert yana yaɗa cewa sababbin filogi ne suka yi aikin. Na tambayi Baba, ya ce lallai ya canza filogi a makon, amma bai taɓa ganin filogi ya sha kunu ba.

Wata Asabar bayan haka ya sake ɗaukar su. Lai'atu tana gaba da jarkarta daban, ta ɗaure murfin da igiya, ta zauna a kai.